Ranar da Na Shayar da Mota Zallar Kulan

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da aka kai amaryar abokina Lafani, ni kuma aka ɗora mini ɗaukar ƙawayenta daga Illela. Cikinsu har da Saudatu, wadda na daɗe ina tura wa saƙonni masu tsawon zani, cike da taurari da furanni, ba ta taɓa ba ni amsa ba. Na ƙudura a ranar zan faɗa mata baki da baki.

Motar ta Yaya Bashar ce, wadda yake jigilar albasa da ita zuwa Ƙonni. Da zai ba ni makulli ya miƙo mini galan na kulan, jan ruwan nan da ake zuba wa lagireto don kada inji ya yi zafi. Ya ce ya zubar da tsohon, in cika da sabo: rabi kulan, rabi ruwa mai tsabta. Na ce to.

Da na buɗe galan ɗin na ga launinsa kamar furen da jarumi ke miƙa wa jaruma a littafi, sai zuciyata ta ce haba, motar da za ta ɗauki Saudatu ce za a yi wa gauraye? Na tuttule shi zalla. (A littattafan da na karanta, mai so ba ya rowa.)

Muka kama hanya rana na dukan tsakar ka, mota cike maƙil, Gwaggo Asabe, ƙanwar uban amarya, a gaba. Ina ta satar kallon Saudatu ta madubi, ban ga allurar zafi ta haye ja ba. Sai tururi ya turnuƙe, mota ta yi tari ta tsaya. Sauran motocin rakiyar amarya suka wuce da guɗarsu.

Na fito da tafiyar jarumai zan murɗe murfin lagireto. Gwaggo ta doke mini hannu da mafici, ta ce in bari ya huce idan ina son fuskata. Sannan ta dube ni.

"Ɗan nan, mi kaz zuba mata?"

Na faɗi gaskiya, har da dalilin launin. (Wannan ɓangaren, da ma na haɗiye shi.) 'Yan matan suka tuntsire da dariya. Gwaggo ba ta yi ba, ta ce ko fura, duk daɗinta, ba a haɗiyar ta sai an dama.

Motar ta riga ta amayar da kusan rabi da kanta. Da ta huce, aka buɗe jakar ruwan leda na biki, ƙawayen amarya cikin ankonsu suna yagewa da haƙori, Saudatu na miƙo mini ina zubawa. Zufa na bin bayana, jawabin da na haddace duk ya gudu. Da ta miƙo ta ƙarshe, ta rage murya.

"Saƙonninka ma da ka riƙa sirka su, da an iya sha."

Mun isa an riga an shigar da amarya ɗaki. Washegari na rubuta mata: "Kin tashi lafiya? Ya gajiya?" Ba tauraro, ba fure. Kafin in ajiye wayar amsa ta shigo.

Tun daga ranar na gane inji da zuciya halinsu ɗaya: zalla ba ta kai su gida.