Fatahin Malam Zubairu a Yaƙin Ƙararrawa

Wannan labarin Malam Zubairu ne, ɗan Ila Maƙeri, jikan Barmo mai lanƙwasa ƙarfe da tsawa, toron giwar ɗakin kwamfuta, wanda bai taɓa ja da baya ba sai in an ɗauke wuta. Jama'arsa kuwa 'yan firamaren Unguwar Rimi ne. Suna da allo, suna da alli, amma ba su da wanda ya iya karanta manhajar da ke kaɗa musu ƙararrawa. Wani ɗan bautar ƙasa ne ya rubuta ta a tsohuwar kwamfuta, ya cukurkuɗa ta kamar zaren da kaza ta shiga, ya tafi abinsa. Sai dai ba ta taɓa saɓa lokaci ba.

Da tsohuwar kwamfutar ta fara nishin ajali, hedimasta ya kawo sabuwar na'ura, 'yar mitsitsiya, ya ce a mayar da manhajar cikinta, kuma kada ƙararrawar tara, ta fita cin abinci, ta kuskure, don yawancin yaran ba sa karyawa a gida.

Sadauki ya naɗe hannun riga, ya kutsa cikin rundunar layuka, yana saran na dama yana kifar da na hagu, yana raɗa wa kowane abu suna mai ma'ana, har manhajar ta koma tamkar wasiƙar masu balaga. Layi ɗaya ya rage, mummuna, mai ƙara awa guda ba tare da ya faɗi hujja ba. Ramlatu, shugabar 'yan aji shida, wadda ya zaunar don ta shaida ko rubutun na karantuwa, ta tambaya ko a bar shi.

"'Yata, abin da bai iya bayyana kansa ba, ba ya zama a daulata," in ji Malam, ya share shi.

Ashe agogon cikin na'urorin nan da lokacin wata ƙasa yake tafiya, awa guda a bayan namu, kuma mummunan layin nan ne ke cike giɓin.

Washegari lokacin tara ya yi, ƙararrawa ta yi gum. Cikkuna suka ɗauki kuka, 'yan aji ɗaya suka bi sahu. Awarar da Inna Talatu ke sayar wa yara ta huce a bakin ƙofa, Innar ta leƙo ta taga ta ce, "Malam, azumi kuka ɗora wa 'ya'yan mutane?"

Jikan Barmo ya koma fagen fama da gumi, ya tono gawar layin da ya kashe, ya tsayar da shi a mazauninsa. Bai ƙara kyau ba ko kaɗan. Sai Malam ya rubuta a samansa, da Hausa tsantsa: wannan yana ƙara awa guda don agogon na'ura ya dace da namu, kada a taɓa.

Da tarar washegari ta gabato, aka taru don shaida nasara. Ana saura kaɗan ƙararrawa ta kaɗa, aka ɗauke wuta. Ramlatu ta ɗauki guntun ƙarfe ta bugi tsohon wilin mota da ke rataye a jikin darbejiya, yara suka ruga wurin awara.

Abin da Ramlatu ta gane shi ne, in layi mummuna ne amma aikinsa daidai, ba a share shi, dalilinsa ake rubutawa a kansa.