Rasuwar Mage, Motar Lantarkin Direban 'Yan Makaranta

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafu masu cike da gajiya, iyalan Direban 'Yan Makaranta na sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da duk wanda ya taɓa leƙa ta ta gilashi ya jinjina kai, rasuwar motarsa mai aiki da lantarki, wadda yara suka raɗa wa suna Mage saboda tafiyarta babu ƙara. Ta rasu ranar Litinin da safe a tsakiyar gada, bayan doguwar jinya da ta ɓoye wa kowa tun kafin ta shigo gidan.

Ba a san shekarunta na gaskiya ba. Dillalin da ya sayar da ita ya rantse cewa yarinya ce ɗanya, wai wata tsohuwa ce ta riƙe ta, ba ta zuwa ko'ina da ita sai asibiti da gidan jikoki. Daga baya aka gano cewa wannan tsohuwa kamfanin tasi ce, mai direbobi da ke karɓa-karɓa, wani ya sauka wani ya hau, ana ɗura wa marigayiya caji mai sauri kamar ana yi wa kaza ɗure. Iyalai ba su riƙe ta da wannan ba. Ba ita ta zaɓi inda ta taso ba.

Direba dai bai yi gaggawar sayenta ba, don shi mutum ne mai bin abu a hankali. Aikinsa kai yaran unguwa makaranta da safe, ya ɗauko su da rana, kuma iyaye ba su ba shi 'ya'yansu don kyan fuskarsa ba. Sun ba shi ne don bai taɓa isa ƙofar makaranta bayan mai gadi ya ja ƙyaure ba. Da layin gidan mai ya fara cinye masa asuba, sai ya sayar da tsohuwar motarsa mai fetur, ya ɗauki Kawu, ƙanin mahaifiyarsa, bakaniken da ya yi furfura a ƙarƙashin motoci, suka tafi ganin Mage.

Ya kamata a rubuta abin da Kawu ya yi ranar, don na baya su ƙaru. Ya sa aka ɗaga masa bonet, ya nemi sandar auna baƙin mai bai samu ba, ya ce wannan ci gaba ne. Ya zagaya baya, ya tara tafin hannu inda salansa ya kamata ta kasance, bai ji hayaƙi ba. Ya shimfiɗa kwali ya kwanta a ƙarƙashinta yana neman inda take yoyo, ya tarar da ƙasa a bushe. Ya tashi ya shuri tayoyi huɗu. Sa'annan ya sa aka kunna ta, ya kanga kunne a jikin ƙarfe, ya lumshe ido kamar likita, ya daɗe a haka.

"Ɗana," in ji shi, "motar da ba ta tari, ba ta hayaƙi, ba ta zubar da mai, me kuma kake nema a duniya? Biya kafin wani ya riga ka."

Dillali kuwa ya nuna musu allon gaban direba, inda hoton batir ya cika taf, kore shar. Babu wanda ya tambayi nawa ne batirin yake iya riƙewa yanzu. An duba mata duk cutar da ba za ta taɓa kamuwa da ita ba, aka same ta lafiya ƙalau.

Gaskiya ba za a ɓoye ba, marigayiya tana da halaye na gari. Ba ta da hayaniya. Idan aka danna mata maɓalli sai ta ce "tin," sau ɗaya, cikin ladabi. Idan ta ɗau hanya sai ta ce "fiiii," siriri, kamar sauro a ɗakin maƙwabta. Ba ta taɓa sa rigar makarantar yaro ta yi warin fetur ba. A watannin farko Direba yakan rage gudu idan ya zo layin gidan mai, ya sauke gilashi, ya ɗaga wa tsofaffin abokansa hannu, ya yi musu sannu da haƙuri. Yanzu ya gane cewa wannan sannun ba ta da kyau, yana kuma neman afuwarsu, ko da yake ya ji labarin sun riga sun rama da dariya.

Ciwon ya fara ne da ƙarya. Da safe allonta zai nuna cewa za ta iya zagaye gari ta dawo da saura. Kafin a kai kwanar mai faci lambar ta zube rabi, ba tare da ta ce uffan ba. Direba, da yake mai kyautata zato ne, ya ce sabon wuri ne, za ta saba. Ya ja waya ta tagar ɗaki yana mata caji, har matarsa ta koyi cire firij da dutsen guga don Mage ta ƙoshi. Ya daina kunna esi, yara suna fifita da littafi. Ya kashe rediyo. Ya sake tsarin hanya gaba ɗaya, ya koma fara ɗaukar yaran kan tudu don a gangaro da nauyi. Ya roƙi iyaye su rage wa yara ruwan gora. Ya matsa lokacin fita, har yara suka fara ƙarasa barcinsu a kujerar baya, kai a kafaɗar juna. Duk wannan hidima ta karɓa ba godiya.

Daga nan sai ta ƙara magana. "Tin" ɗaya ya zama "tin-tin-tin," ba dare ba rana. Sai kuma wani ɗan hoton kunkuru ya fara fitowa a allo, wanda da zarar ya haska, ko ka take ta har ƙasa, keke zai wuce ka yana waige. Yara suka so kunkurun nan ƙwarai. Sukan tafa idan ya fito. Direba yakan yi murmushi don kada su tsorata.

An nema mata magani, ba a yi ƙasa a gwiwa ba. Kawu ya zo da sifana zai kwance batir ya wanke da fetur, Allah ya taimaka matar Direba ta tsaya a gaban motar ta hana. Mai gyaran waya ya ce a kashe ta a sake kunnawa. A ƙarshe aka kai ta gareji mai kwamfuta a can bayan gari, inda wani saurayi ya jona mata na'ura, ya duba, ya juyo ya tambayi Direba ko yana da hawan jini. Ya bayyana masa cewa batirin ya riga ya mutu fiye da rabi tun kafin a saye ta, kuma koren hoton da aka nuna masa yana nufin ɗan abin da ya rage ne ya cika. Ya faɗi kuɗin sabon batir. Direba ya roƙi kujera. Da aka kira Dillali a waya, cewa ya yi, "Haba ranka ya daɗe, ai kai ka zo da bakanikenka."

Ranar rasuwa ita ce ranar fara jarrabawa. Ta kwana tana caji, ta tashi da kore a allo kamar ba ita ba. Yara na baya suna bitar lissafi da ƙarfi. Suna hawa gada kunkuru ya fito, kuma wannan karon babu wanda ya tafa. Ta ce "tin-tin-tin," ta ce "tin," ta yi shiru. Direba ya danna maɓalli, ya lallaɓa ta, ya kira ta da sunanta. Ya fita zai tura, ya tarar tayoyin sun kulle, don marigayiya ko a mace ba ta yarda a tura ta kamar sauran motoci. Ya jera yara a gefen gada, ya riƙe hannun ƙanana, suka ƙarasa da ƙafa. Sun tarar an ja ƙyaure. Direba ya cire hula yana roƙon mai gadi, yara na kallonsa, har aka gama jarrabawar farko.

Kafin magariba iyaye sun kira ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun yi faɗa, wasu sun yi godiya irin wadda ta fi faɗa zafi. Duk sun janye 'ya'yansu, ban da Maman 'Yan Biyu, nas ɗin da ke shiga aiki da asuba, wadda ta zo har gida da kayan aikinta a jiki.

"Malam Direba, ni ba mota na ba 'ya'yana ba, kai na ba," in ji ta. "Ka kai su ko a kafaɗa ne. Amma in zangon nan ya ƙare ba ka samu abin hawa ba, kada ka ga laifina."

Marigayiya ta rasu ta bar tayoyi huɗu masu sauran rai, da doguwar wayar caji, da soket ɗin ɗaki wanda ya ƙone a hidimarta, da makulli mai maɓalli uku da ba ya buɗe komai, da takalmin makaranta ƙafa ɗaya da aka tsinta a ƙarƙashin kujera, mai shi ya zo ya karɓa. Ta bar Kawu, wanda har yau yake cewa shi dai bai ji wani ƙara a jikinta ba. Ta bar Dillali cikin ƙoshin lafiya, an ce ma ya samo wata yarinya ɗanya daga hannun wata tsohuwar.

Gawa tana ƙofar gida a lulluɓe da tamfol, inda motar ja ta sauke ta. Za a yi jana'iza ranar Laraba a filin 'yan gwangwan, waɗanda suka yarda su karɓi ƙarfe da kujeru, amma suka ce batirin a nema masa wani wuri, su ba sa son gobara. Ana roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su taho da shawara, an samu isasshiya. Wanda yake da labarin mota ta haya, ko mai tari ce, ko mai hayaƙi, ya matso kusa da Direba ya faɗa masa a kunne.

Za a ɗauki gawa da zarar Direba ya dawo daga kai 'yan biyu makaranta. Waɗanda suka riga shi zuwa su zauna a benci su jira, don tafiyar ƙafa ce, kuma ƙaramar cikinsu ba ta da sauri.