Gaisuwa a Tsakiyar Gangara

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da na sauka daga kan keke a tsakiyar gangara don in gaida mahaifin wasu. A lokacin shekarata uku a birnin Guangzhou na ƙasar Sin ina karatun injiniya, ban taɓa leƙa gida ba. A cikin ɗalibai 'yan uwana na yi suna da cewa ni ba na kewar gida. Duk wanda ya fara zancen tuwon gyatumarsa sai in ce ya tattara ya koma. Gaskiyar magana kuwa, wata huɗu na yi ban kira Baba ba. Katin waya na nan a aljihuna tun ranar da na saye shi a unguwar Xiaobei, amma duk sanda na ji muryarsa sai in kwana biyu ban gane karatu ba. Sai na daina kira, na kuma sa wa abin suna jarumta.

Abokin karatunmu Lin, ɗan ƙasar, shi ya gayyace mu hawan keke a wani kwazazzabo da ke can arewa da birnin, tafiyar awa huɗu a mota. Ni da Isufu, ɗan Maraɗi da muke ɗaki ɗaya, muka ce muna ciki. Lin ya yi ta ja mana kunne cewa hanyar ba ta wasa ba ce. Na yi masa dariya. Na ce ni a kan keke na girma, na sha ɗauko buhun gero a kariya daga gonarmu har cikin Rano ban sa ƙafa a ƙasa ba. (Rabin buhu ne, kuma sau biyu na faɗi, amma wa zai je ya tambaya?)

Muka karɓi kekunan haya masu giya barkatai, kowa ya kifa hular kwano. Hawan dutsen ya kusa kashe ni, amma na cije, don Isufu na bayana yana jira in yi haki. Abin da ban shirya masa ba shi ne kamannin wurin. Jar ƙasa, manyan duwatsu a jingine da juna, ga ƙamshin hayaƙin itace yana tasowa daga wani ƙauye a ƙasa. Shekara uku ina shaƙar hayaƙin mota, yau ga ƙamshin murhu. Na jawo gorar ruwa na kurɓa, na ce wa kaina ƙishirwa ce ke damuna.

Da muka kai ƙololuwa Lin ya tara mu. Gangarar siririya ce, dutse a dama, rami a hagu, ruwa na ƙugi can ƙasa. Doka biyu ya ba mu: kada kowa ya saki hannu, kada kowa ya tsaya sai an kai fili. Mu takwas ne a jere. Saboda tsabar iyayi na dage sai da aka sa ni na biyu, mutum shida a bayana.

Da farko lafiya lau. Tsakuwa na tsalle, haƙorana na haɗuwa, ina ta salati a zuci. Muna shan wata kwana sai na hango wani dattijo ya raɓe jikin dutse yana ba mu hanya. Fartanya a rataye a kafaɗa, hannu ɗaya a baya, wandonsa a naɗe ƙafa ɗaya ta fi ɗaya. Wallahi tsayuwar Baba ce sak, yadda yake tsayawa a bakin hanya in ya taso daga gona.

A gidanmu yaro ba ya wuce babba a kan keke. Sauka ake yi, a rusuna, a gaisa, sannan a hau. Da rankwashi aka koya mini wannan. Don haka ban yi shawara da kowa ba, har da kaina. Na dai ga ƙafata ta dama ta tsallake sirdi.

Keken ya yi nasa wuri. Ni kuma na zauna daɓas, na tafi suuu a kan mazaunaina har gaban tsohon, wandona ya yage daga sama har ƙasa. A bayana sai ƙarar birki da ihu cikin yare uku. Mutum shida suka tare a kan juna, keken wata yarinya ya maƙale a wani icce a bakin ramin. Allah ne kawai ya tsare. Ni kuwa, a durƙushe, sai na ji bakina ya ce, "Sannu Baba, barka da aiki."

Da Hausa. Da ƙarfi.

Tsohon ya ajiye fartanyarsa, ya kama ni ya tayar, yana ta yi mini faɗa cikin wani yaren da ko Lin da ƙyar yake tsintar kalma. Ya kakkaɓe mini ƙurar baya. Tafin hannunsa kaushi, irin na mai noma. To a nan fa na gama zubar da sauran mutuncina. Na fashe da kuka, ƙato da ni, har da shessheƙa.

Hankalin kowa ya tashi, an ɗauka karaya ce. Lin na lallatsa ƙafata yana tambayar ina ke ciwo, wani na neman lambar asibiti. Isufu kaɗai ya tsaya yana kallona, ya kalli tsohon, ya sake kallona.

"Ku bar shi, ba ƙashi ba ne," in ji shi. Ya matso ya rage murya. "Mon frère, ɗan uwana, kai ne ba ka kewar gida? Tattara ka koma mana."

Sauran hanyar tura keken na yi, riga ɗaure a ƙugu tana rufa mini asiri.

Washegari na kankare katin na kira. Baba ya ɗauka, na yi sallama, ya ce, "Wa ke magana?" alhali ya gane ni. Na ba shi labarin tun daga farko, ina jira ya yi dariya. Sai kawai ya jefo mini tambaya.

"To ka dai samu ka gaishe shi?"

"Na gaishe shi, Baba."

"Madalla, ka kyauta. Ni kuma fa? Sai na zo Sin na tsaya a bakin rami?"

Ina jin kukan akuyarmu a bayansa, da muryar Inna tana tambayar wane ne. Sai bayan shekara guda cur na samu na durƙusa a gabansa.

Abin da na koya bai da yawa. In kana kewar mahaifinka, nemi kujera ka zauna ka kira shi. In ka ƙi, jikinka zai gaishe shi da kansa a inda ya ga dama, kuma ba zai ba ka lokacin taka birki ba.