Oda Daga Sama

Jama'a, ranar Litinin na fito buɗe shagon ɗinkina a Unguwar Dosa, sai na tarar an zabga wa ƙofar jan fenti, an rubuta kwana uku, alamar rusau. Shekara goma sha tara ina taka keke a shagon nan, da shi nake ci da iyali. Mai fentin bai yi nisa ba, na cim masa yana wanke buroshi a bakin kwata.

"Malam, laifin me na yi?"

"Baba, wallahi ni ma ban sani ba. Oda ce daga sama."

Ni mutum ne mai ɗaukar magana yadda aka faɗe ta. Na nufi ofishin hukumarsu a Doka, bene hawa uku, don in ga saman da idona. A ƙasa wata mata tana ɓarar gyaɗa ta ce daga sama ne. Na hau. Yallaɓai Mai Hatimi ya nuna mini silin da bironsa. Na ƙara hawa. Ranka Ya Daɗe Sarkin Taro ya tafi taro, amma sakatarensa ya ɗaga ido sama a madadinsa. Allah ya saka musu da alheri, ban taɓa ganin ma'aikata masu haɗin kai irin waɗannan ba. Na ci gaba da hawa, gwiwa tana ƙara, har na ɓulla kan rufi. Tankin ruwa na tarar, babu ko ɗigo a ciki, sai wata tattabara. Na gaishe ta, na yi mata bayani, kuma ita kaɗai ce ta saurare ni har ƙarshe.

Da na dawo na kai kukana wurin maƙwabcina Malam Yusha'u, tsohon malamin Turanci. Shi ko gobara ka kai masa, ƙamus zai fara ɗaukowa.

"Ja'afaru, ka ma san mece ce oda? Turawan Ingila aro suka yi wurin Faransawa, su kuma daga Latin. Asalinta jeri ne, layi, an ce irin yadda masaƙi ke jera zare. Daga baya ta zama tsari, ta zama umarni, ta zama hukuncin alƙali, ta zama sautun kaya irin wanda mata ke yi a waya."

"To Malam, wacce ce a ƙofata?"

"Wannan kuma ba ya cikin ƙamus."

Ashe kalmar 'yar gidanmu ce, ta masu zare, ta samu aikin gwamnati ta manta dangi. Layin ne kawai ta bar mana gado, muna shan shi a gidan mai.

Ranar Alhamis katafila ta iso, kan lokaci kuwa, abin da ban taɓa gani ba a aikin hukuma. Minti huɗu ta yi. Keke da almakashi na tsira da su. Na zauna a kan ɓaraguzai na yi kuka, da furfurata.

Bayan la'asar sai ga baƙar jif. Wani odali ya sauko rungume da shadda.

"Baba, ina shagon telan da ke nan?"

"Kana tsaye a kansa."

Ya dubi ƙasa, ya dube ni, ya ce, "Innalillahi." Ashe makon jiya Ogansu, shugaban hukumar, ya wuce ta layinmu, ya hango wata babbar riga da na rataye, aikin ya burge shi, ya ce, "A ba da oda a shagon can." Maganar ta kama gangarowa hawa-hawa, kowa yana buga mata hatimi. Riga ce a sama, kafin ta iso ƙasa ta zama katafila.

Odalin ya yi mini jaje na kusan daƙiƙa biyar, sannan ya miƙo shaddar.

"Kala uku ne, kafin Juma'a ta sama. Oga ya ce in ba a gama ba zai ba da oda."

"Wace iri?"

Ya sosa ƙeya. "Baba, mu ma sai ta sauko muke sani."

Na karɓa, ya zan yi? Yanzu a zauren Malam Yusha'u na kafa keke. Ya karɓe ni hannu bibbiyu, mutumin kirki ne, amma tun jiya yake kwashe ƙamusoshinsa yana kaiwa gidan surukinsa.