Na'urar Wasana Ta Yi Wata Biyar a Hannun Manya

Jiya tun ƙarfe bakwai nake layi, da arepa, wato wainar masara, ɗaya tal a cikina, don in karɓo abin da na saya da gumina tun watan Maris. Na'urar wasan bidiyo ce, sabuwar nan. Kada ku yi mini dariya. Ni mai aski ne, kuma a unguwarmu a nan Barranquilla ba iya aski ake dubawa ba, kowa shagon da zai buga ƙwallo a talabijin kafin layi ya zo kansa yake nema. Nicanor na tsallaken titi ya daɗe yana kwashe mini mutane da tsohuwar na'urarsa, shi ya sa na yi odar sabuwa tun ba ta shigo kasuwa ba.

Amfanin saye da wuri dai cika baki ne, na kuwa cika shi har sai da matata Casilda ta ce, "Eleuterio, kai da ko kwalin ba ka gani ba?"

Ashe kayan sun faɗa hannun Masu Girma na ofishin tantance baƙin kaya. Wai ba su taɓa ganin irinta ba, sai sun yi bincike. Suna cikin binciken Nicanor ya shiga kanti salin-alin ya sayo tasa da araha, wadda ma aka gyara mata matsalar ɗaukar zafi. Kullum sai ya leƙo ya ce, "Maƙwabci, har yanzu tana makaranta?" Wallahi abin ya ci mini rai.

Amma a yaba wa manya, binciken nan sun yi shi tsakani da Allah. Da na buɗe kwalin, maɓallan sun sha hannu har suna sheƙi, ga maiƙon soyayyen kifi a jiki. Na kunna, sai ga wata ƙungiya mai suna Taga Ta Huɗu, sunan tagar da na karɓi kayan, ta kai wasan ƙarshe.

Na koma ofishin a fusace. Mai Girma Babban Mai Hatimi ya ja ni gefe ya rage murya.

"Maigida, ba dai ka goge wasanmu ba?"

"Ranka ya daɗe, ina komawa zan goge."

"Haba, ka ji tausayi mana! Wata biyar fa muna wahala. Ina shagon naka yake?"

Yau da hantsi sai ga shi a motar ofis, da direba da mataimaka biyu. Kafin ka ce me unguwa ta cika shagona, kowa yana so ya ga babban mutum ya sha kashi. Nan take na kafa doka: sai ka yi aski za ka kara da shi. Abundio, wani tsohon da ya shekara uku yana bin hatimi ɗaya, ya zura masa biyar, ya ce ko yau ya mutu ya gode Allah. Har Nicanor ya rufe shago ya zo ya miƙa mini kansa.

Masu jiran kaya a Taga Ta Huɗu, kada ku wahalar da kanku gobe. Mai Girma ya ce bai yarda da sakamakon ba, sai an sake.