Sabon Haƙorina a Gidan Surukai

Ko tsufa ya rikita ni, ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a Kurfi da sabon haƙori ba.

Asalin abin, kwalbar lemo na ce sai na buɗe da baki a gaban abokai a nan Dutsin-Ma. Kwalba dai ta buɗe, amma rabin haƙorina na gaba ya bi murfin. Ga shi an kusa sa mini ranar zuwa gaisuwa gidan su Rabi, yarinyar da nake nema. Na garzaya Katsina wurin wata likitar haƙori, ta ce za a yi wa guntun da ya rage hula ta tangaran.

Ta ɗauko jerin haƙoran gwaji tana kara su da nawa. Wanda ta zaɓa ya ɗan sirka da rawaya (ni da goro mun daɗe muna tare). Ta ɗaga shi saitin taga ta ce, "Malam, ka ga yadda haske ke ratsa bakinsa kamar farce? Haka haƙorin mutum yake. Wannan zai saje da sauran."

Ni kuwa idona yana kan na can ƙarshe, fari fat kamar alli.

"Likita, wancan nake so."

"Wancan haske ba ya ratsa shi. Tun daga nesa za a gan shi."

"Ai so nake a gani."

Ta dube ni, ta ce, "To, bakinka ne."

Ranar gaisuwa aka sauke ni a zaure, aka kawo fura da kindirmo, na sha na ƙoshi. Kowa ya san mai neman aure sunkuyar da kai yake yi, amma ni ko "ya hanya" aka ce sai na washe baki. Baffan Rabi ya dube ni, ya sa yatsa ya taɓa haƙorinsa. Na ce a raina, Alhaji ya yaba. Na ƙara washewa. Ƙanensa ya turo mini buta a hankali, na ce, "Na gode, Baba, ina da alwala."

Daga nan aka shiga da ni cikin gida in gaida kakar Rabi. Tana zaune a tabarma, mata sun cika tsakar gida ana leƙen baƙo.

"Matso in ga mijin nawa," in ji ta. Na durƙusa, na saki murmushin da na tanada.

Ta ƙanƙance ido. "Kai, wane irin ƙazamin miji ne wanga? Ka sha nono ka bar gudaji a baki?"

Kafin in yi magana ta cafke haɓata, ta naɗe gefen mayafi a yatsa, ta hau dirza. Ina ta cewa "Hajiya, haƙori ne," amma da yatsa a baki ba abin da ke fita sai gurnani.

"Ya ƙi fita. Ke Rabi, miƙo mani tsinke!"

Da ta gaji sai ta ƙwanƙwasa shi da farce, ya ce ƙwas. Ta saki salati. "Yaro, kofin shayi aka fasa aka liƙa maka?"

Gidan ya kece da dariya. Rabi ta ruga ɗaki, ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, har na fita da takalmin wani.

An dai ba ni Rabi. Baffa ya ce wanda ya jure wannan bai gudu ba, zai iya zaman aure. Na koma an sauya haƙorin, yanzu ko ni sai na laluba kafin in gane shi. Amma har gobe a Kurfi, Angon Kindirmo ake ce mini, yaran da ba a haifa ba a lokacin ma haka suke kirana.

Abin da na koya shi ne, gyaran da ya yi kyau ba wanda ke lura da shi. In ka ga ana ta kallon gyaranka, to ka nemi madubi kafin ka fara godiya.