Ruwan da Aka Haɗiye

Ba zan taɓa mantawa da sanyin ruwan nan a maƙogwarona ba. Muna ajin ƙarshe a sakandare, a Anka, malamin kimiyyarmu ya kawo ruwa ja a kwalba, ya ce daga wurin wanke zinari aka ɗebo. Aikinmu mu zuƙo kaɗan da siririn bututun gilashi. Ni, sarauniyar rawar kai, na zuƙa kamar mai shan kunu. Ƙwat! Ya wuce.

Duk ɗan ƙasarmu ya san abin da gubar dalma ta yi wa yara. Ƙanena yana cikinsu. Amma kunya ta hana ni buɗe baki.

Shi Malam doka ɗaya gare shi: ba a cewa "na yi" a rahoton kimiyya, sai "an yi", aiki ya riga ya wuce, ba ruwan kowa da mai yinsa. Sai na ɓuya a nan. Na rubuta: "An zuƙo ruwan. An haɗiye kaɗan." (Wai dabara ke nan: zai gani, ya kira ni gefe.)

Har ƙarshen mako ina leƙa dasashina a madubi, ina neman alamar guba. Inna ta ce, "Ke ɗiyag ga, mi as same ki? Ko aljanu na?" Na ce zazzaɓi ne.

Ranar Litinin Malam ya ɗaga takardata gaban aji. "Ku ga rubutun masana! Ba 'ni' ko ɗaya." Ya karanta har wurin haɗiyewar, ya wuce abinsa, ya ce a tafa mini.

Ban san na miƙe ba. "Malam, ni ce! Ni na haɗiye! Mutuwa zan yi!" Ga hawaye, ga majina. Wata daga baya ta ce, "To, an yi kuka." Aji ya tuntsire da dariya.

Malam ya ja ni waje yana waige-waige, ya rage murya. "Ke, rufa mini asiri. Wa ya ba ni abin hawa zuwa daji? Ruwan randar ofis ne, na dama da jar ƙasa. Ba abin da zai same ki."

Na jingina da bango. Har yau in na ji an ce "an yi", sai na tambaya: wa ya yi?